Daga Johor zuwa Penang a kan babur: yaya zan yi da gadar teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya Injiniya. Ina karatu a Skudai da ke jihar Johor a Malesiya, kuma ina da ƙaramin babur mai cc 150 da nake zuwa makaranta da shi. In an yi hutu ina so in hau shi har tsibirin Penang, in ziyarci abokina da ke karatu a can. Nisan bai dame ni ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne gadar da ke kan teku, don an ce mini ta kai kilomita 24, kuma iska na ɗaukar mutum a kanta. Babur ɗina zai iya? In na hau gadar me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Babur ɗinka zai iya, har da rara. Kowace safiya ma'aikatan masana'antu na tsallaka ruwan nan a kan roba-roba masu cc 110 da ba su kama ƙafar naka ba, maza da mata, wasu ma da goyo a baya. Sai dai ka ɗora tsoronka a inda bai fi cancanta ba. Ka ce nisan bai dame ka ba, ni kuwa nisan ne ya dame ni. Gadar minti ashirin ce. Abin da ke gabanta kilomita ɗari bakwai ne ko kusa da haka, kuma tana zuwa ne a ƙarshen tafiya, lokacin da wuya ya sage, ido ya yi nauyi, hannu ya daina jin abin da yake riƙe da shi. Mutumin da ya iso bakin gadar da ƙarfinsa, da hantsi, sararin sama garau, zai wuce ta yana kallon jiragen kamun kifi. Wanda ya iso ta da magariba bayan awa goma sha ɗaya a kan sirdi, hadari na haɗowa, shi ne iska ke wasa da shi. Saboda haka duk shirin da za ka yi, ka yi shi ne don ka zama na farkon.

Gadojin biyu ne, kuma ya kamata ka san bambancinsu kafin ka zaɓa. Tsohuwar an buɗe ta a 1985, tsawonta kilomita 13.5, ta tashi daga Perai ta sauka a Gelugor, dab da jami'ar USM. Wadda aka ba ka labari ita ce ta biyu, mai sunan Sultan Abdul Halim Muadzam Shah, da aka buɗe a watan Maris na 2014. Ta tashi daga Batu Kawan ta sauka a Batu Maung a kudancin tsibirin, kilomita 24 ce, kuma kusan 17 daga ciki a kan ruwa suke. In ka taɓa bin gadar Third Mainland a Legas, mai kilomita 11.8, to ka ninka ta biyu. Gadar ta biyun ce ta fi kowace tsawo a kudu maso gabashin Asiya har zuwa 2020 da Burunai ta buɗe tata ta Temburong. Tun farkon 2019 an daina karɓar kuɗin wucewa daga masu babura a kan dukansu biyu.

Ni dai ta biyun nake zaɓa wa baƙo, duk da ta fi tsawo, don an ware wa babura hanyarsu dabam, da katanga tsakaninsu da motoci. A tsohuwar kuwa kafaɗa da kafaɗa kuke da motoci da bas da manyan motocin kaya, ga cunkoso safe da yamma. Dalili na biyu, kai daga kudu kake tahowa, mashigar sabuwar ce za ka fara tararwa, a wajen Bandar Cassia, kafin ka shiga hayaniyar Juru da Perai. In ka sauka a Batu Maung sai ka miƙe arewa a kan titin Tun Dr Lim Chong Eu da ke bin gaɓar ruwa, shi zai kai ka Gelugor, in ka zarce kuma George Town.

Amma kada ka ɗauka katangar nan ta gama maka komai. Hanyar baburan siririya ce, da shinge hagu da dama, ba inda za ka kauce in na gabanka ya taka birki ba zato. Yashi da tsakuwa da guntayen roba na taruwa a gindin katanga, don ba tayar mota da ke share su. Sannan samarin garin da suka san gadar kamar tafin hannunsu za su zo su gifta ka da gudu, wani ko hon ba zai yi ba. Ka riƙe ɓangaren hagu na hanyar ba tare da ka manne wa katanga ba, ka bar musu dama su wuce, ka riƙa leƙa madubi. Kada ka biye musu. Iyakar gudun gadar kilomita 80 ne a awa, kuma in ka tsaya a 60 zuwa 70 ba wanda zai ce maka don me. Za ka lura ba a miƙe take sambal ba, tana lanƙwasa a hankali nan da can. Da gangan aka yi haka, don kada miƙaƙƙiyar hanya ta sa direba gyangyaɗi. An hana tsayawa a kanta in ba lalura ba, don haka maganar hoto ka bar ta sai ka sauka.

To, mu zo kan iskar, tun da ita ce ta hana ka barci.

A kan tudu itatuwa da gidaje da duwatsu na karya ƙarfin iska kafin ta iso ka. A kan teku ba abin da ke tare ta, kuma gadar na sama da ruwa, inda iska ta fi kaɗawa. Ƙarfin turin da take yi ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: in gudunta ya ninka biyu, turin sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa iskar da kake ji kamar wasa a bakin gada take zama wani abu dabam in ka kai inda gadar ta yi tudu don jiragen ruwa su wuce ta ƙarƙashi, wajen mita 30 sama da ruwa. Babur ɗinka kuma ba shi da nauyi, da kai da shi da kaya ba ku fi kilo ɗari biyu da 'yan kai ba.

Iskar da ke kaɗawa a kai a kai daga gefe guda ba matsala ba ce. Babur da kansa yake kwantawa kaɗan ya jingina da ita, sai ka ga kana tafiya a miƙe alhali a karkace kake. Ka ƙyale shi ya yi hakan. Abin da ke kayar da mutane shi ne tsoro ya sa su ƙanƙame hannun babur, su sandare. Idan ka sandare, iska ta bugi ƙirjinka da kafaɗarka, jikinka ya motsa, to hannunka ne zai kai wannan motsin kai tsaye ga tayar gaba, ka ga babur na tangaɗi. Ka matse babur da gwiwoyinka da cinyoyinka, nan ne riƙon yake. Hannu kuwa ka sassauta, gwiwar hannu a lanƙwashe, ka ɗan sunkuya don ka rage faɗin da iska ke samu. In ta turo ka daga dama, ka ɗan danna hannun dama gaba, babur zai kwanta dama ya tare ta. In daga hagu ne, hannun hagu. Dannawa ce kaɗan kamar mai tura ƙofar da ba a kulle ba, ba murɗawa ba. In ba ka taɓa lura da wannan ba, gwada shi a fili a gudun kilomita 40 kafin ranar tafiya, za ka ga ai dama haka kake shan kwana ba ka sani ba.

Wadda ta fi sharri ita ce mai zuwa a fizge, da kuma wadda ke ɗaukewa a fizge. Kana jingine da iska, sai ka shiga bayan ginshiƙin da ke riƙe da wayoyin gadar, ko babbar mota ta zo ta tare maka ita. Nan take abin da ka jingina da shi ya ɓace, babur ya faɗa ɓangaren da iskar take. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ka fito, ta sake bugunka. Wanda bai sa rai ba sai ya firgita ya damƙi birkin gaba, kuma nan ake faɗuwa. Maganinsa ka hango tun daga nesa: ga ginshiƙi can, ga tirela na tahowa, ka san za a yi sakin nan da kamun nan, ka bar tazara ta ɓangarorin biyu. Kada ka saki totur gaba ɗaya, kada ka kama kuloci. Babur ya fi tsayuwa da ƙafafunsa in inji na jan tayar baya. In iskar ta yi yawa, sauko da giya ɗaya, ka rage gudu a hankali, amma kada ka koma rarrafe, don a gudun kilomita 20 ma iska ta fi samun yadda take so da kai. Idonka kuma ya tafi can gaba inda kake son zuwa. Duk wanda ya ƙura wa katanga ido don tsoron kada ya buge ta, ita zai nufa. Haka wanda ya tsaya kallon ruwa ta ƙasan shinge.

Kayan da ka ɗaura ma na da hannu a ciki. Dogon akwati a baya, ko jakar goyo da ta kumbura ta fi kafaɗarka faɗi, duk filafilai ne ka kafa wa iska. Ka ɗaure kaya ƙasa-ƙasa a kan kujerar baya, mai nauyi a ƙasa, da igiyar roba biyu ko uku, kada wani abu ya riƙa lilo.

Sai mahaɗan gada. Siminti da ƙarfe na miƙewa da zafi su tsuke da sanyi, saboda haka ana barin tsaga tsakanin ɓangarorin gada a rufe ta da ƙarfe. Za ka ji taya na cewa gaf, gaf, lokaci zuwa lokaci. In a bushe suke ba komai. In sun jiƙe santsi gare su ƙwarai, haka ma farin fentin da aka ja layi da shi. Ka hau su babur na tsaye sak, ba birki, ba ƙarin wuta, ba sauya hannu. Ka gama rage gudunka kafin ka iso, ka wuce, sannan ka ci gaba.

Ruwan sama shi ne babban abokin hamayyarka a ƙasar nan, ka riga ka sani tun da a Johor kake. A gaɓar yamma ya fi yawa wajen Afrilu da Mayu, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma yawanci da rana tsaka zuwa la'asar yake haɗowa, da tsawa da walƙiya. Akwai kuma guguwar da ke tasowa daga tsibirin Sumatra ta ratso mashigin Malaka, tsakanin Afrilu da Nuwamba, ita kuma da tsakar dare zuwa sassafe take isowa, da iska mai ƙarfi a gabanta. Ka haɗa biyun nan za ka ga lokacin da ya rage maka: daga ƙarfe goma na safe zuwa sha biyu. A lokacin guguwar asuba ta wuce, ma'aikatan yankunan Bayan Lepas da Batu Kawan sun shige masana'antunsu, iskar teku da ke ƙaruwa in ƙasa ta ɗau zafi ba ta kai ƙarfinta ba, hadarin la'asar bai haɗu ba. In ka iso bakin gada ka ga gabanka ya yi baƙi ƙirin, kada ka ce bari in yi sauri in riga shi. Nemi gidan mai ko kanti a Batu Kawan ka zauna. Irin wannan ruwan ba ya cika daɗewa, kuma a kan gadar ba rumfar da za ka fake, kai ne kuma abu mafi tsawo a kan babur ɗinka in ana walƙiya.

Wannan lokaci na hantsi shi zai tsara maka sauran tafiyar, daga ƙarshe zuwa farko. In kana so ka hau gada da ƙarfe goma da rabi, dole ka kwana kusa. Ipoh nake ba ka shawara. Daga can zuwa bakin gada bai wuce awa biyu da 'yan mintuna ba a irin gudunka, ga masaukai masu sauƙin kuɗi. Akwai wani dalilin kuma. Da ka bar Ipoh ta Jelapang hanya take hawa duwatsu, ta shige ramin Menora mai kusan mita 800, ta gangaro zuwa kogin Perak da Kuala Kangsar. Wannan yankin ya yi ƙaurin suna wajen haɗari: kwana a kan gangara, ga manyan motoci da birkinsu ya ɗau zafi, ga bas-bas da ba sa son rage gudu. A wurina ya fi gadar buƙatar natsuwa nesa ba kusa ba. Gara ka same shi da safe da idonka biyu. Kafin ka shiga ramin ka ɗaga gilashin hularka in mai duhu ne. Gaba kaɗan kuma za ka wuce ta gefen Taiping, garin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a yankin, don haka rigar ruwa ta zauna a inda hannu zai kai gare ta.

Matsalar ita ce Skudai zuwa Ipoh ya haura kilomita 500. Kada ka yi lissafi da abin da allon gudu ke nunawa. Ko kana tafiya a 90, in ka haɗa da shan mai da salla da cin abinci da fakewa ruwa, abin da za ka samu a awa bai fi 60 zuwa 65 ba. Awa takwas ke nan, koma fiye. In ka saba doguwar tafiya, ka tashi da gari ya waye wajen ƙarfe bakwai, ka isa da la'asar. In kuwa iyakarka daga ɗaki zuwa makaranta da kasuwa, kada ka fara da wannan. Raba ta uku: ka kwana wajen 'yan uwa a Serdang ko Gombak, washegari ka ƙarasa Ipoh da wuri ka huta, rana ta uku ka tsallaka. Kafin nan ma, wani ƙarshen mako ka je Malaka ka dawo, ka ji abin da bayanka da mazaunanka za su gaya maka. Su ne za su yanke hukunci tsakanin kwana ɗaya da kwana biyu a hanya, ba ni ba.

Hanyar dai guda ce, babban titin da ya ratsa ƙasar daga Johor Bahru har Bukit Kayu Hitam a iyakar Tailan, kilomita 772. Babura na binsa kyauta. A kowace ƙofar karɓar kuɗi akwai 'yar siririyar hanya a can hagu da ke zagaye ta, sau da yawa da kwana mai tsini da yashi ko ruwa kwance, don haka ka shige ta a hankali. Za ka wuce Machap, Pagoh, Ayer Keroh, Seremban. A Nilai ka hau titin ELITE ya zagaye da kai ta Shah Alam, kada ka kutsa tsakiyar Kuala Lumpur. Nan ne kaɗai wurin da za ka iya ɓata, don mahaɗun suna da yawa kuma a gudu ake zaɓar hannu. Ka duba taswira tun ana gobe tafiya ka haddace sunayen mafita biyu ko uku, waya kuma ta zauna a maƙalinta, ba a hannu ba. Daga Sungai Buloh kuma sai Rawang, Tanjung Malim, Tapah, Gopeng, Ipoh. In hutunka ya faɗo a kan ƙaramar salla ko sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da kowa ke tafiya garinsu, ka ɗaga tafiyar da kwana biyu ko uku.

Abin da ya fi kashe masu babura a titin nan ba gudu kaɗai ba ne. Ƙaramin babur ba ya iya jerawa da motocin da ke tafiya a 110, sai kowa ya koma gefen titi, wurin da aka tanada don motar da ta lalace. Za ka ga kowa na yi, kai ma za ka tsinci kanka a ciki. To ka sani wurin nan ne tirela ke tsayawa in ta mutu, wani lokaci ba fitila ba alama, nan ne ɓawon taya da ƙusa da katako ke zubewa. A gudun 90, mita 25 kake ci a kowace daƙiƙa. Ka sunkuyar da kai daƙiƙa uku kana gyara wani abu, ko ido ya rufe maka na daƙiƙa uku, ka ci mita 75 ba ka gani ba. Fiye da kashi 60 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a haɗarin hanya a Malesiya masu babura ne. Wannan ya sa nake cewa kada dare ya same ka a titin nan ko da wasa. Haka kuma wajen mashiga da mafita, inda mota za ta yanko ta gabanka tana son fita: waiwaya da kanka, kada ka dogara da madubi kaɗai.

Gajiya ba ta sallama. Alamunta su ne ka ga ka wuce allo ba ka tuna abin da aka rubuta ba, ko gudunka na hawa da sauka ba dalili, ko ka manta sigina a kunne. In ka ga ɗaya, wurin hutawa na gaba naka ne. Nan kuwa ƙasar ta yi maka gata, don manyan wuraren hutawar titin na da masallaci da banɗaki da abincin halal da rumfunan kwanciya. Kai matafiyi ne, kasaru ta halatta gare ka. Ka yi alwala da ruwa mai sanyi, ka miƙe ƙafa, in barci ya zo ka ba shi minti ashirin. Ka sha ruwa a kowace tsayawa ko ba ka jin ƙishi, don iska na busar da gumi ba ka sani ba, kuma ciwon kan da ke zuwa da azahar yawanci daga nan yake. Kada ka cika ciki da shinkafa da rana, nauyinta a ido yake sauka. Abin toshe kunne na soso, wanda ake sayarwa a kantin magani, yana rage gajiya fiye da yadda za ka zata, don ƙugin iska a cikin hula awa takwas na cin mutum. Sannan ka kula da lokacin fitowa daga gidan mai ko masauki in ka gaji. A hagu ake tuƙi a nan, mu kuwa a Najeriya tun 1972 muke dama, kuma tsohon sabo a irin wannan lokacin yake dawowa.

Tankinka zai taimaka maka wajen tsayawa ko ba ka so. Irin waɗannan babura lita huɗu da 'yan kai suke ci, kuma a gudun babban titi sun fi shan mai fiye da cikin gari. Ka ɗauka kilomita 150 ne iyakarka, ka riƙa cikawa a kowace 100 zuwa 120. Ƙananan wuraren tsayawa ba duka ke da gidan mai ba, manyan ne abin dogaro. Kafin gada ka cika a Gunung Semanggol ko wani gidan mai da ke gaba da shi. Ba a sayar da mai a kan ruwa, kuma tura babur kilomita goma a siririyar hanyar nan, ana gifta ka da gudu, ba abin da zan so maka ba ne.

Mako guda kafin tafiya ka kai shi wajen bakanike, ba ana gobe ba, don in an taɓa wani abu ka samu kwanakin da za ka gane ko ya zauna. A juye baƙin mai. A duba birki gaba da baya, da ruwan sanyaya inji in mai ruwa ne, da fitilu duka, don doka ce fitilar gaba ta kasance a kunne ko da rana. Sarƙa kada ta yi tauri kada ta yi sako-sako, gwargwadon da aka rubuta a littafin babur ɗin, kuma in haƙoran da take hawa sun yi tsini a canja su tare da ita. Ka tafi da ƙaramin gwangwanin man sarƙa, ka fesa da daddare a masauki, musamman in ruwa ya dake ku. Taya ita ce inda ba na son ka yi tsimi. Dubi zanenta, sannan dubi lambobi huɗu da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ta haura shekara biyar robar ta bushe ko da zanen na nan, kuma a jiƙaƙƙen ƙarfen gada za ka gane hakan. Iskar taya da safe ake aunawa kafin ta ɗau zafi. In tayarka marar tif ce, sayi 'yan kayan toshe huji da ƙaramin famfo, ka koyi amfani da su a gida. Masu sintirin titin na taimakon wanda ya lalace, lambarsu na jikin allunan hanya, ka adana ta a waya tare da 999.

A kan babban titi kada ka riƙe totur a ƙarshensa awa da awanni. Ƙaramin inji ne, ka bar masa sauran numfashi. Tsakanin 85 da 95 ya ishe ka.

Sutura kuma, hular kwano mai rufe har haɓa, mai tambarin SIRIM, hukumar tantance ingancin kaya ta ƙasar, da gilashi fari ba mai duhu ba. Jaket mai kauri ko da ana zafi, safar hannu, wando mai ƙarfi, takalmi mai rufe idon sawu. Rigar ruwa ta zama riga da wando, mai launi mai haske. Irin mai kama da mayafi da ake zurawa ta ka, iska na cika ta ta riƙa jan ka, bakinta kuma na iya shiga sarƙa. Wannan gargaɗin ya hau kan jallabiya da doguwar riga ma: a ninke su a jaka sai an isa. In ruwa ya kama ka a hanya, ka nemi allon da aka zana lema a jiki, yana nuna mafakar babura, yawanci a ƙarƙashin gadar sama. Za ka tarar da mutane cike a wurin, kowa na tsalle da ƙafa ɗaya yana zura wandon roba a kan takalmi, wani na kunna sigari, wani na duba waya. Shiga da babur ɗinka ciki sosai bayan shingen, kada ka bar shi a bakin kwalta. In ruwan ya tsagaita, ka ba motoci 'yan mintuna su wanke titin kafin ka hau.

Takardu kada ka yi wasa da su, kai baƙo ne. Lasisin da ya halatta maka wannan babur shi ne B2, mai kaiwa har cc 250, kuma in sabo ne alamar P ta kasance a manne. Harajin hanya da inshora su kasance da rai, fasfo da izinin karatunka a cikin leda a aljihun ciki. Ana kafa shingen bincike, kuma in wani abu ya faru ba ka da lasisi, kamfanin inshora na da hujjar juya maka baya. Ka gaya wa abokin naka inda za ka kwana da lokacin da kake sa ran isowa, ka riƙa aika masa saƙo a duk inda ka tsaya. Goyo kuwa, a wannan tafiyar ta farko, a'a.

In ranar ta zo ka ga sama ba ta yi maka ba, ko zuciyarka ta ƙi, akwai hanya ta uku. Ka zarce Butterworth ka hau jirgin fito. Sababbin jiragen da suka fara aiki a 2023 na ɗaukar masu tafiya a ƙasa da babura da kekuna, amma ba sa ɗaukar motoci, kuma a tsakiyar George Town suke sauke ka. Ko da ka shiga ta gada, ina ba ka shawarar ka fito ta jirgin ranar komawa, ka ga tsohuwar gadar daga ruwa. In ka yi kwanaki a tsibirin, ka wanke babur da ruwan famfo ka sake shafa wa sarƙa mai kafin ka kamo hanya, don iskar gishiri na saurin sa tsatsa. Komawar ma a raba ta biyu kamar zuwan, wannan karon ma duwatsun Menora da safe za ka same su, wurin kwana kuma ya zama Seremban ko Ayer Keroh. Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya, ka gaishe da abokin naka.